Wa Zai Koya wa Yaran Makka Zanen Birninsu?

Da an tashi daga makaranta bayan azahar, titunan yammacin Makka sai su cika da yara. Samari cikin farar jallabiya, 'yan mata cikin abaya, kowa da jakarsa a baya. Waɗanda gidajensu ke kan duwatsun tsofaffin unguwanni, mota ba ta kai su ƙofar gida. A gindin dutse ake sauke su, sauran tafiyar ta matakala ce, wani wurin siminti, wani wurin tsagwaron dutse, ga rana tana dukan ƙeya.

Duk inda yaro ya tsaya shan iska, in ya waiga wajen Harami zai hango dogon benen agogo mai tsawon kimanin mita 600, da ƙugiyoyin gini suna juyi a sararin sama. Tsakaninsa da su akwai shingen kwano, an manna masa hoton yadda wurin zai koma nan da wasu shekaru.

Wannan yaro ya san lungun da ke samun inuwa da la'asar. Ya san inda ruwa ke bi in an yi mamako, ya san inda kakarsa ke zama ta huta kafin ta ƙarasa hawa. Ilimi ne da mai zanen gini ke kashe kuɗi da watanni kafin ya tattara shi. Amma da wuya a tambayi yaron, da wuya kuma a koya masa yadda zai mai da abin da ya sani ya zama zane a takarda, wanda manya za su duba su fahimta.

Birnin da gini ba ya ƙarewa

Duk alhajin da ya je Makka a shekarun 1990 ya sake komawa yanzu, sai ya nemi ɗan jagora. A 2002 aka rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya, aka baje dutsen da take kai, aka kafa rukunin benayen Abraj al-Bait da aka kammala wajen 2012. Gidajen da ke kan Jabal Umar sun tafi, otal-otal sun maye gurbinsu. Daga yamma kuma an tsaga wata faffaɗar hanya mai tsawon fiye da kilomita 3, aikin da ake kira Masar, wadda ta ratsa Rusaifa da Hindawiyya da Tundubawi da gefen Shara Mansur. Dubban gidaje ne aka rushe domin ta.

Hujjar hukuma a bayyane take, ba kuma ta wasa ba ce. Mahajjata a 'yan shekarun nan suna kaiwa tsakanin miliyan 1.5 da miliyan 2, kuma shirin ƙasar na 2030 ya sa burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara. Kwarin da duwatsu suka kewaye ba zai ɗauki wannan jama'a da lungunan da aka yi domin raƙumi da jaki ba.

A ɗaya ɓangaren akwai irin su Dakta Sami Angawi, mai zanen gini ɗan asalin Makka, wanda ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji a 1975. Ya shafe shekaru yana kokawa cewa an share mafi yawan tsofaffin gine-ginen birnin, kuma benaye sun danne Ɗakin Allah. Gidajen da yake kuka a kai su ne na Hijaz masu hawa uku zuwa biyar, masu tagogin katako da ke turowa waje, waɗanda ake kira roshan, iska na shiga, na waje ba ya ganin na ciki.

Muhawarar ta daɗe, amma ta manya ce. Injiniyoyi da 'yan kasuwa da masana tarihi ke yin ta. Yaran da za su rayu shekara 60 ko 70 a cikin abin da aka gina, su 'yan kallo ne.

Inda kuskuren zane ke cin rai

A wasu garuruwan ana iya ɗaukar zanen gini a matsayin ado. A Makka lamarin rai da mutuwa ne, kuma Bahaushe ya san haka domin ya binne nasa a can.

Gobarar Mina ta 1997 ta ci rayuka sama da 300. Bayanta aka kawar da tantunan yadi, aka kafa waɗanda wuta ba ta kamawa. A Janairun 2006 turmutsitsi ya kashe fiye da mutum 340 a wajen jifan Shaiɗan. Aka rushe tsohuwar gadar Jamrat, aka gina mai hawa-hawa, aka raba mashiga da mafita, ginshiƙan jifa kuwa dama an riga an mai da su dogayen bangaye domin kada jama'a su dunƙule wuri guda. Masana irin su Dirk Helbing sun zauna da bidiyon hatsarin suna nazarin yadda cunkoso ke rikiɗa ya koma igiyar da ba mai iya tsayar da ita. A 2015 kuwa, a wata mahaɗar hanyoyi a Mina, aka yi turmutsitsin da ya ci 'yan Najeriya masu yawa, ciki har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, Allah ya jiƙan su.

Sai zafi. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kusa kai 52, hukuma ta ce sama da mutum 1,300 sun rasu. Faɗin hanya, inda aka sa rumfa, nisan da ke tsakanin famfo da famfo, irin dutsen da aka shimfiɗa a ƙasa, duk shawarwari ne da wani ya yanke a kan tebur. Farar marmarar da ake ɗawafi a kanta ba ta ƙona ƙafa ko da tsakar rana, domin an zaɓo ta ne musamman daga tsibirin Thassos na ƙasar Girka.

Ɗan sakandaren Makka yana ganin waɗannan abubuwa kowace shekara. Da yawa suna aikin sa-kai a lokacin Hajji, wasu suna tura keken tsofaffi, wasu 'yan sikawut ne masu nuna hanya ga alhajin da ya ɓata. A ganina babu ɗalibi a duniya da ya fi shi dacewa da darasin yadda ake tsara wuri domin taron jama'a.

Abin da makaranta ke bayarwa

Ba za a ce ba a yin komai ba. Tun 2021 Saudiyya ta sauya tsarin babbar sakandare. Shekarar farko kowa tare yake, daga nan ɗalibi ya zaɓi ɗaya cikin hanyoyi 5: ta gama-gari, ta kwamfuta da injiniyanci, ta lafiya, ta harkokin kasuwanci, ko ta Shari'a. Mai bin hanyar injiniyanci yana taɓa darasin zanen injiniya. Akwai kuma aikin kammala karatu a shekarar ƙarshe, da sa'o'in aikin sa-kai da ake buƙata kafin a ba ɗalibi takarda.

Gidauniyar Mawhiba, wadda aka kafa a 1999 domin yara masu hazaƙa, tana shirya karatun hutu da gasar ƙirƙira ta Ibda'a, tana kuma tura zakaru gasar kimiyya a Amurka. A 2020 Ma'aikatar Al'adu ta kafa hukuma ta musamman kan gine-gine da zane, ƙarƙashin Dakta Sumayya al-Sulaiman. A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da taswirar salon gini 19 na yankunan ƙasar, Makka tana cikin biranen da aka fara da su. Jami'ar Ummul Ƙura da ke cikin birnin tana da sashen gine-ginen Musulunci, kuma cibiyar binciken Hajjin nan ta Angawi a ƙarƙashinta take yanzu.

Wuraren kai yara su gani da ido ma akwai su. A Ummul Jud, kusa da masaƙar rigar Ka'aba, akwai gidan baje kolin tarihin ginin Masallatai Biyu Masu Alfarma, inda aka ajiye tsohuwar matakalar katako ta Ka'aba da tsohon bakin rijiyar Zamzam. A Jidda, tafiyar kimanin awa guda, an buɗe Gidan Jameel na sana'o'in gargajiya a 2015, ana koyar da sassaƙar katako da aikin farar ƙasa. Bikin baje kolin fasahar Musulunci na 2023, wanda aka yi a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, mai zanen gini ce 'yar Afirka ta Kudu, Sumayya Vally, ta jagorance shi.

Matsalar ita ce kusan duk waɗannan ƙofofi ta hanyar tacewa ake shigar su. Jarrabawa ce ke zaɓo gwani, gwanin ya yi aikinsa, ya karɓi lambar yabo. Gini kuwa ba haka ake yin sa ba. Mai zane da magini da mai kuɗi da wanda zai zauna a ciki dole su ja su saki kafin bango ya tashi. Yaron da bai taɓa zama da wasu mutum biyar sun yi gardama kan inda ƙofa za ta kalla ba, ya iya lissafi amma bai fara koyon gini ba.

Waɗanda ake bari a waje

Mata sun daɗe a wajen wannan fage. Sai a tsakiyar shekarun 2000 Jami'ar Effat ta Jidda ta buɗe karatun zanen gini ga mata, tana cikin na farko-farko a ƙasar. Yanzu sun shigo da ƙarfinsu, amma yarinyar da ke aji biyu na sakandare a wata unguwar talakawa ba lallai ta taɓa haɗuwa da mace mai wannan sana'a ba. Alhali ita ta fi kowa sanin inda gidansu ya gaza, kicin da hayaƙi ba ya fita, ko tagar da ba a iya buɗewa saboda idon maƙwabta.

Masu buƙata ta musamman ma haka. Tun wajen 2010 ƙasar ke da ƙa'idojin gini domin nakasassu, a 2023 kuma aka yi sabuwar dokar kare haƙƙinsu. A cikin Harami an yi ƙoƙari, akwai gangaren keke da lifta da motocin lantarki. Da ka fita zuwa unguwa, labari ya sha bamban. Yaro makaho ko mai keken guragu shi ne babban malami a ajin zane, domin shi ke fara cin karo da dakalin da ya yi tsayi da gangaren da ya yi tsini. Aji da babu shi ya yi asarar malami.

Sai kuma namu. Ƙidayar 2022 ta nuna mazauna Makka sun haura miliyan 2. A faɗin ƙasar fiye da kashi 40 cikin 100 ba 'yan ƙasa ba ne, a Makka kason ya wuce haka. Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe a birnin. Wasu kakanninsu a ƙafa suka je, suna yada zango a Chadi da Sudan shekara da shekaru. Wasu sun bi sahun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa sun zama cikakkun 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya, haifaffen Makka ne.

Amma akwai wani rukunin, waɗanda a gida ake ce wa Takari, wasu da igama, wato takardar izinin zama, wasu babu. An haife su a Jarwal ko Misfala ko Shara Mansur, Larabcinsu na Makka ne tsantsa, wasu ba su taɓa ganin Kano ba. Unguwanninsu ne akasari rusau ya fi shafa. Diyya ta mai takardar mallaka ce, ɗan haya sai ya kwashe kayansa ya nausa bayan gari, yara su sake makaranta in sun samu. Yawancin shirye-shiryen masu hazaƙa na 'yan ƙasa ne, guraben jami'o'in gwamnati ma haka, in ban da 'yan tallafin karatu da ake ba baƙi. Yaron da babu igama kuwa, ko rajistar firamare aiki ce. Ubansa na iya zama lebura a ginin da ake yi, shi kuma ba shi da hanyar da zai bi ya zama mai zana irinsa.

Darasin yana cikin tarihin garin

Ba sai an je wata ƙasa aron hujjar yin aiki tare ba. Duk ɗan Islamiyya ya san labarin sake ginin Ka'aba lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake da kimanin shekara 35. Ƙuraishawa sun raba bangaye tsakanin dangogi, kowa da ɓangarensa. Katakon daga wani jirgin ruwa da ya fashe a gaɓar teku aka samo shi, kuma littattafan tarihi sun ambaci wani baƙon masassaƙi mai suna Baƙum a cikin aikin. Da kuɗin halal suka gaza, sai aka rage girman ɗakin, aka bar Hijiru Isma'ila a waje. Da rigima ta tashi kan wanda zai ɗora Hajarul Aswad, aka shimfiɗa mayafi, kowane dangi ya kama gefe, Annabi ya sa dutsen da hannunsa mai albarka.

A labari guda akwai rabon aiki, da ƙarancin kuɗi da yadda yake sauya zane, da gwanin da ya zo daga waje, da sasanta masu ruwa da tsaki. Ana karantar da shi a darasin Sira. Malamin zane ma zai iya buɗe ajinsa da shi, sannan ya kai yara su ga ragowar magudanar Ainu Zubaida a gefen Arfa, wadda matar Halifa Haruna Rashid ta ɗauki nauyinta sama da shekara 1,200 da suka wuce, su auna da kansu yadda aka gangaro da ruwa daga kwarin Nu'uman ba tare da inji ba.

Daga Helsinki zuwa Dandaji

A ƙasar Finland, tun 1993 aka buɗe makarantar Arkki a Helsinki, inda yara daga shekara 4 har zuwa ƙarshen sakandare ke zuwa bayan an tashi daga boko. Da kwali da itace da yumɓu suke aiki, cikin rukuni. Ba wai duka za su zama masu zanen gini ba, mafi yawansu ba za su zama ba. Manufar ita ce a samu ɗan gari da in an kafa taswirar sabuwar unguwa zai iya karanta ta, ya ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure.

Misalin da ya fi kusa da mu yana jihar Tawa a Nijar. A garin Dandaji akwai tsohon masallacin ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yaama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Da jama'a suka so sabon masallaci, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zauna da mutanen gari, aka tsai da shawarar a mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon a gefensa da bulon jar ƙasa. An gayyato maginan gargajiya cikin gyaran, aka gama a 2018. Yaran garin sun ga aikin daga tushe har rufi, a yau kuma a ciki suke bitar darasi.

Wannan shi ne tsohon tsarinmu kafin siminti. Yaro ya fara da kwaɓa ƙasa da cura tubali, ya kai ga miƙa azara, sannu a hankali a bar shi ya ɗaure baka, a ƙarƙashin idon Sarkin Magina. Ta wannan hanya aka samu Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Sai dai tsarin na gado ne kuma na maza zalla. Makaranta ce za ta iya buɗe shi ga kowa.

Masu ja da baya

Akwai malamai da za su ce manhaja ta riga ta cika, yaro na fama da lissafi da Larabci da Turanci da hadda, ina za a cusa wani sabon abu? Iyaye kuma hankalinsu na kan makin jarrabawar shiga jami'a, duk abin da ba ya ƙara maki a wurinsu wasa ne. Injiniyoyi na da tasu hujjar mai nauyi, cewa tsara hanyar mutum miliyan 2 ba aikin yara ba ne, kuskure kaɗan ya isa a yi asarar rayuka.

Ta ƙarshen gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce a ba yaro gadar Jamrat. Abin da ake nema ƙarami ne. Harabar makarantarsu da babu inuwa, tashar motar unguwa, matakalar da tsofaffi ke zamewa a kai, wurin alwalar masallacin layi da mai keke ba ya iya kaiwa. Yara su auna, su zana, su tambayi masu amfani da wurin, su haɗa samfuri da kwali, su kare shawararsu a gaban mai unguwa da jami'in ƙaramar hukuma. Lissafin da ake tsoron a rage masa lokaci, a nan ne ma zai zauna a ƙwaƙwalwa, domin yaro zai ga amfanin kusurwa da murabba'i da idonsa.

Abin da na fi jin tsoro wani ne daban, kada abin ya koma bikin ɗaukar hoto. A tara yara su yi zane, a yi musu tafi, a kwashe takardun a zuba a kwandon shara. Yaro yana gane lokacin da ake yi masa haka. In ba za a gina ko da rumfa ɗaya daga cikin abin da suka zana ba, gara kada a fara.

Ta ina za a kama

Kayan aikin suna nan a warwatse. Ɗaliban ajin ƙarshe na sashen gine-gine a Ummul Ƙura za su iya ɗaukar makarantun unguwa su riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Sa'o'in sa-kai da aikin kammala sakandare sun riga sun shiga doka, sai dai a karkata wasu zuwa gyaran unguwa, a yi su cikin rukuni, a haɗa mai ƙoƙari da mai rauni, mai gani da makaho. Makarantun maza da na mata za su iya aiki kan wuri guda, kowa ya kawo nasa zanen a gwada. Kamfanonin da ke cin kwangilar biliyoyin riyal ba za su ji nauyin kuɗin kwali da katako ba.

Mu ma a gida maganar ta shafe mu. Sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne mafi daɗewa a Najeriya, amma ɗan sakandaren Tudun Wada ko Sabon Gari yana iya gamawa bai taɓa taka ƙofarsa ba. Yaran da ke ƙera motar kara da ta langa-langa a lungu sun riga sun nuna hannu, darasin zanen fasaha kuwa a makarantu da yawa a allo kawai yake ƙarewa. Kowace damina ruwa na cin gidajen da aka gina a kan magudana a Kano da Maraɗi, yaran unguwar kuma sun san hanyar ruwan tun kafin a sa tushe.

A Makka, rukunin da ya fi wuyar kaiwa shi ne yaran da sunansu ba ya cikin rajistar kowace makarantar gwamnati. Batun takardunsu yana hannun hukumomin cikin gida, malamin zane ba shi da ta cewa a ciki. An taɓa yin irin wannan gyara, domin daga 2013 an ba dubban 'yan asalin ƙasar Burma mazauna birnin igama, 'ya'yansu suka samu hanyar karatu. Kafin a kai ga haka ga 'yan Afirka ta Yamma da suka rage, wuraren da ake samun yaransu su ne halƙoƙin hadda na masallatan unguwa da makarantun sa-kai, kuma ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar a Jidda da shugabannin al'ummar Hausawa ne suka san inda waɗannan wurare suke.